Bashin kuɗin makaranta: wa ke bi, kuma iya ina ikonsa ya tsaya?

Shirin na yau ya shafi wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a gidaje da yawa a nan Sakkwato, wato bashin kuɗin makaranta, da abin da ke faruwa idan bashin ya tashi daga hannun makaranta ya faɗa hannun masu karɓar bashi.

Duk wanda ya ratsa ta Dandima a makon da ake shirin rufe rajista ya san yanayin. Motocin jami'a na lodi, shagunan kafe sun cika maƙil, janareta na ruri, kowa da takarda a hannu. Akwai wanda ya zo ya biya ya kama gabansa. Akwai kuma wanda ya ciro lambar Remita tun makonni da suka wuce, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, har gefenta ya fara yagewa saboda yawan fito da ita. Lambar ta fito, kuɗin ne bai fito ba. A irin wannan mako ne ake sayar da tunkiya, a jinginar da gona, a tura saƙo ga kawu da ke Abuja. A irinsa ne kuma wasu ke danna abin da za su daɗe suna nadamarsa a cikin waya.

Birnin nan gari ne na ɗalibai. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ban da makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya, na gwamnati da masu zaman kansu. A rubuce, tun ƙarshen shekarun 1970 jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga ɗalibin digiri na farko. Amma uban da ke biya ya san cewa kuɗin rajista da na jarrabawa da na asibiti da na ɗakin kwana, idan aka haɗa su, kuɗi ne, ko da wane suna aka kira su. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, makarantu da dama a faɗin ƙasar suka ƙara abin da suke karɓa, a daidai lokacin da kwanon gero da kuɗin mota su ma suka ɗaga.

Abu na farko da ya kamata mai sauraro ya rarrabe shi ne: wa ke bin bashin? Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna abin da za a iya yi masa da abin da ba za a iya ba.

Idan makaranta ce ke bi, ba ta cika aiko da kowa ƙofar gida ba. Ba ta ma buƙata. Makaminta yana cikin ofis. Shafin rajista ya rufe, sunan ɗalibi ba ya cikin jerin masu shiga jarrabawa, ko kuwa ya gama karatun amma takardar sallama ta maƙale a ofishin kuɗi, babu sakamako, babu shaidar kammalawa, babu tura suna zuwa hidimar ƙasa. Abokansa suna sansanin Wamakko ko na wata jiha sanye da kaki, shi yana gida yana amsa tambayar maƙwabta.

A nan ne ɗalibai da yawa ke yin kuskuren da ya fi bashin kansa tsada: su ɓace. Kunya ta hana su zuwa sashensu, su ce sai kuɗi ya samu. To, dokokin yawancin manyan makarantu sun tanadi jingine karatu na zango ko na shekara ga wanda ya nema a rubuce, ta hannun shugaban sashe. Su dai waɗannan dokoki kuma sun ce wanda ya daina rajista na wani tsawon lokaci ba tare da sanarwa ba, ana ɗaukarsa ya bar karatu da kansa. Tsawon lokacin yana nan a littafin dokokin da ake ba ɗalibi a shekarar farko, wanda galibi ba a sake buɗe shi. Ɗalibai biyu na iya rasa kuɗi a rana ɗaya. Wanda ya rubuta takarda, aka buga mata hatimin karɓa, ya riƙe kwafi, yana da kujerar da zai dawo ya tarar. Ɗayan kuwa sai ya sake zaman JAMB.

Kuma zuwa ofis ba ya nufin zuwa a yi ta magiya a baka. A nemi ofishin kuɗi ya fitar da lissafin abin da ake bi dalla-dalla, shekara-shekara. Sau da yawa a nan ake gano cewa wani biyan da aka yi bai hau ba, ko an lissafa ɗakin kwanan da ɗalibi bai taɓa kwana ciki ba. Rasit ɗin banki da takardar Remita su ne shaida, don haka ba abin nannaɗe ƙosai ba ne. Idan makarantar na karɓar biya kashi-kashi, musamman masu zaman kansu, a rubuta yarjejeniyar, a sa ranaku, a sa hannu. Alkawarin da wani jami'i ya yi a baranda yana tafiya ne tare da shi ranar da aka sauya masa wurin aiki.

Riƙe takardun ɗalibi saboda bashi ba a nan kaɗai ake yinsa ba. A Amurka wani bincike da cibiyar Ithaka ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 6.6 ne makarantu suka riƙe wa takardun sakamako saboda bashi, har jihar Kalifoniya ta haramta wannan ɗabi'a daga farkon shekarar. A can, makaranta kan miƙa bashin ga kamfanin da sana'arsa ke nan, karɓar bashi, shi kuma ya ɗora nasa ladan a kai. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana irin wannan a Ingila. Dalar da ake saya kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, sai kuɗin da ɗalibi ya tara na shekara guda ya koma bai kai na zango ba. A watan Mayun 2024 ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough suka fito da kwalaye suna zanga-zanga, bayan an dakatar da wasunsu daga karatu, an kai sunayensu ga hukumar shige da fice, wasu kuma masu karɓar bashi sun fara tuntuɓarsu.

Akwai ma bashin da ɗalibi bai ci ba amma shi ke ɗaukar nauyinsa. Ɗaliban da gwamnatin Kano ta tura Jami'ar Near East a arewacin tsibirin Sayifurus sun gama karatu, cikinsu har da likitoci, amma suka shafe shekaru babu takardar shaida saboda gwamnati ba ta cika kuɗin ba. Sai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta biya sama da naira biliyan 2, aka saki takardun mutum 84. Ɗaliban Zamfara ma sun shiga irin wannan tasku a tsibirin a 2024. Duk uban da aka ce ɗansa ya samu gurbin tallafi zuwa waje, yana da kyau ya tambaya: an biya na shekara nawa, kuma wa ya sa hannu a kan sauran?

Mu dawo gida, ga inda wutar ta fi ci.

A ɗauki misalin ɗalibin da saura kwana biyu a rufe masa rajista, naira dubu 40 ta rage masa. Tsakar dare yana duba waya, sai ga talla: rance cikin minti biyar, babu jingina, babu mai tsayawa. Ya sauke manhajar. Ta nemi lambar BVN, ya ba ta. Ta nemi hotonsa, ya ɗauka. Ta nemi izinin shiga jerin lambobin da ke wayarsa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Kuɗi ya shigo, amma bai cika ba, domin an zare wani kaso tun daga tushe da sunan kuɗin aiki. Wa'adin biya kuma mako ɗaya ne ko biyu. Ɗalibin da ba shi da albashi, ina zai samo shi cikin mako biyu? Sai ya ci na manhaja ta biyu ya biya ta farko, ya ci na ta uku ya biya ta biyu.

Ranar da ya kasa, kira zai fara tun da asuba. Daga nan sai saƙo ya fara sauka a wayoyin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba: yayarsa da ke aure a Mabera, malamin da ke duba aikinsa na ƙarshe, limamin unguwa, har mahaifin yarinyar da yake nema. Saƙon na ɗauke da hotonsa, an rubuta cewa ɓarawo ne ana nemansa. An sha ganin waɗanda aka haɗa wa sanarwar mutuwa ta ƙarya alhali suna raye. A gari irin Sakkwato, inda kowa ɗan gidan wani ne, wannan ya fi duka ciwo. Uba ya kira ɗansa: "Kai, wane irin abin kunya ne wannan nake gani a waya?" Yaro ya ce: "Baba, wallahi kuɗin rajista na cika da shi." Uban ya yi shiru, domin ya san ranar da yaron ya tambaye shi ya ce a yi haƙuri sai an sayar da albasa.

Abin da masu wannan aiki ba sa so a sani shi ne, tozarcin nan ya saɓa wa doka, ko da bashin gaskiya ne. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni a Ikeja ta Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu yin rajista, kuma tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane. A watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Shi ya sa yanzu miyagun cikinsu ke turo manhajar ta WhatsApp ko ta saƙon waya, su ce a sauke kai tsaye. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja da baya.

Wanda ya riga ya faɗa fa? Kada ya goge komai. Ya ɗauki hoton kowane saƙo, ya adana lambobin da ake kiransa da su, ya roƙi waɗanda aka tura wa saƙon su ma su turo masa. Da waɗannan ake kai ƙara ga FCCPC da hukumar kare bayanai, kuma ba a biyan ko kwabo. Ya shiga saitin waya ya janye izinin da ya ba manhajar. Sannan, kuma wannan shi ne mai wuyar, ya riga su isa gida. Ya zauna da mahaifi ko yaya ya faɗi adadin da bakinsa. Duk ƙarfin mai barazana yana kan sirrin, idan gida sun riga sun sani saƙonsa ya zama tsohon labari. Bashin dai yana nan, kuma biyansa wajibi ne. Sai dai a biya ta asusun kamfani, ba asusun wani mutum da ya kira a waya ba, a kuma nemi shaidar cewa an rufe lissafin, domin akwai kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral, da bankuna ke dubawa kafin su ba mutum rance, kuma sunan da ya shiga da tabo yana daɗewa bai fita ba.

Barazanar da aka fi yi ita ce ta 'yan sanda. Doka a nan a fili take. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda kawai ya saɓa yarjejeniya ko wata taƙaddama ta tsakanin mutum da mutum, kuma bashi na cikin wannan. Kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Hanyar mai bin bashi ita ce kotu, ko ta majistare ko ta shari'ar Musulunci, inda za a aiko da sammaci a saurari kowa. Amma a lura da iyakar wannan kariya. Wanda ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi a asusun, ko ya karɓi rance da takardun bogi, ya fita daga batun bashi ya shiga na laifi. Kuma sammacin kotu na gaskiya ba a sa shi ƙarƙashin katifa. Wanda ya ƙi zuwa, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Mai ƙaramin ƙarfi na da Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, dukansu da ofis a jihar nan.

Sai kuma sabon mai ba da rance, wato gwamnatin tarayya. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai a ranar 3 ga Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a ranar 24 ga Mayu. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma idan ya nema ana ba shi naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ya sa iyaye da yawa a wannan yanki suka saki jiki da shi. Sabuwar dokar ta cire sharaɗin kawo masu tsayawa da tsohuwar ta 2023 ta gindaya. Ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai ke samu.

Sai dai akwai ɗaliban da ke kiran kuɗin nan rabonsu na arzikin ƙasa. Ba haka takardar da suka amince da ita ta ce ba. Rance ne. Biya na farawa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, ana zare kashi 10 cikin 100 na albashi ta hannun mai ba da aiki, mai sana'ar kansa kuma ya biya daga ribarsa. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman ƙarin lokaci ta hanyar rantsuwa a rubuce, amma wanda ya yi ƙarya a wannan rantsuwa, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 3. Ana yafe bashin idan mutum ya rasu. An taɓa gwada irin wannan a zamanin Janar Yakubu Gowon, da hukumar rancen ɗalibai ta 1972, ta durƙushe saboda waɗanda suka ci ba su biya ba, kuma babu hanyar gano inda suke. Yau akwai BVN da NIN. Akwai kuma tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ke ba da damar zare bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusun mutum a kowane banki.

Wani abin lura a nan: ɗalibai da yawa sun biya rajista da kuɗin aro don kada a rufe, daga baya kuɗin NELFUND ya iso makaranta da sunansu. A 2025 an yi ta ƙorafi a faɗin ƙasar cewa wasu makarantu ba sa sanar da ɗalibai, har hukumar ICPC ta shiga maganar. Ɗalibin da shafinsa ya nuna an biya, alhali ya riga ya biya da kansa, haƙƙinsa ne ya rubuta ya nemi a mayar masa, domin shi za a bi wannan kuɗi nan gaba, ko ya gan shi ko bai gan shi ba.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma garin nan bai rasa hanyoyinsa na daɗaɗɗe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ayoyi biyu kafin ita an yi umarnin jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Duk da haka, rancen da ke tsakanin dangi shi ne wanda aka fi ƙin rubutawa, wai don kada a ce babu yarda, shi ne kuma ya fi raba zumunci idan mai bayarwa ya rasu magada suka zo da nasu lissafin. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin rukuni takwas da aka ambata a rabon zakka, kuma jihar nan na da Hukumar Zakka da Waƙafi mai wakilai a gundumomi. Akwai hukumar tallafin karatu ta jiha, akwai ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, akwai tsofaffin ɗalibai da kan haɗa kuɗi su cika wa 'yan ajin ƙarshe. Babu ɗaya daga ciki da ke ba da kuɗi cikin minti biyar, kuma ba kowa ke dacewa ba. Kowannensu zai nemi ganin takardar shiga makaranta, da lissafin ofishin kuɗi, da wasiƙar mai unguwa ko hakimi, kuma haɗa waɗannan kan ɗauki makonni. Mai niyyar bin wannan hanya, tun ranar da aka fitar da jadawalin rajista ya kamata ya fara zirga-zirga.